Ruwan Tudora

Bucharest, 27 ga Fabrairu

Kaka Gherghina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwoyin nan naki masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya sanyi? Ya kajin Mama, sun saba da ke? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da na kwaso a wurin koyon iyo. Tunda kin ce kunnenki ba ya shiri da waya, ga takarda nan, sai ki nemo tabarau.

Ban taɓa samun zama na ba ki labarin yadda aka ɗauke ni aikin hidima a jirgin sama ba. Mu wajen ɗari uku muka taru a wani otal a Craiova. Aka sa muka cire takalma, kowa ta miƙa hannu ta taɓo wani zane a bango. Wadda ba ta kai ba, ƙofa. Aka naɗe mana hannun riga ana neman zanen jiki. Sannan wata mata ta tsaya tana zazzaga mini masifa da Turanci, wai ita fasinja ce, ana kallo ko murmushina zai zube. Bai zube ba, don na tuna da ke, na ce wannan ai yarinya ce. Mu goma sha tara aka zaɓa. Takardar kira ta iso a makon da aka kawo gawar Mama daga Torino, kuma kin ga abin da ke ciki: ranar fara horo ba ta motsawa don kowa.

Nan kullum ihu ake koya mana, yadda za mu fitar da mutum ɗari da tamanin cikin minti ɗaya da rabi. Da rana kuma talla: shayi, turare, katin caca. Malaminmu ya ce a jirginmu iska ce kaɗai kyauta. Ƙaramar robar ruwa yuro uku. Da na ji haka sai na tuna Mama. Shekara goma sha ɗaya tana jinyar tsofaffin Italiya, tana hawa irin wannan jirgi, ba ta taɓa sayen ruwa a sama ba. Takan ce sai dai ta haɗiyi yawu har Dobridor, ta sha na rijiyarmu tun kafin ta ajiye jaka.

Kaka, ruwan sadakar nan na safiya arba'in da ake raba wa mutane don mamaci shi ne a raina. Safiya goma sha ɗaya na ɗebo mata, na bar miki ashirin da tara. Ke da kakata 'ya'yan wa da ƙani ne, ba dolenki ba ne, amma ke kaɗai kika ce in tafi. Ina jin kunyar abin, ba zan ɓoye miki ba. Idan ya yi miki nauyi ki faɗa mini, in ajiye komai in dawo.

Taki,
Anisia

Dobridor, 18 ga Maris

Anisia, ja'ira,

Na ga takardarki, na gode Allah da kike lafiya. Tarin nan ki sha masa shayi da zuma, ki daina yawo da kai a jiƙe. Gwiwoyina suna gaishe ki, sun ce za su ga naki in kin kai saba'in da ɗaya. Kaji lafiya, ja ɗin nan ce kawai ta daina ƙwai.

Kada ki ajiye komai. Uwarki ta wanke tsofaffin wasu shekara goma sha ɗaya don kada ki wanke su ke ma. Veta maƙwabciya ta tsaya a bakin rijiya tana cewa 'yar Tudora ta bar uwarta da ƙishirwa ta tafi shafa jan-baki. Na ce mata jan-bakin ma sai mai baki, ita nata ya gama lalacewa wajen gulma. Na kuma ce ruwan Tudora ni na ɗauka, ba na neman hannun kowa.

Yadda kika faro haka na ci gaba. Bokiti biyu da sassafe, kowace rana ƙofa daban, in ce don ran Tudora, su ce bogdaproste, Allah ya kai mata, in dawo in yi tsaga a sanda. Sanda ta cika arba'in. Ranar Litinin muka je rafi, Fada limamin coci ya yi addu'a, aka raba dafaffiyar alkama, muka ɗora kyandir a kan ɗan allo muka saki a ruwa. Ya ɗan yi gardama kafin ya tafi, amma kin san uwarki, ba a taɓa tura ta ta tafi a karon farko ba.

Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu. In an ba ki kayan aikin ki aiko hoto, in kai wa Veta ta gani ta ƙware.

Kakarki,
Gherghina

Torino, 9 ga Mayu

Kaka,

Ina gaisuwa. Da fatan zafin bazara ya fara sassauta miki ƙashi. Ni lafiya, sai leɓena da ke tsagewa. Sun ce iskar jirgi ce, kowa yana yi a farko. Ga hoto nan. Kada ki yi dariyar hular.

Wasiƙarki ta sauke mini dutse daga ƙirji. Da na karanta cewa an gama ruwan, na yi kuka a banɗaki, na fito na ci jarrabawa. To kin san inda suka ajiye ni? Torino. Ba a tambayar mutum, suna kawai ake liƙawa a allo. Kuma sau uku a mako jirgin Craiova nake yi, cike da matan garuruwanmu da manyan jakunkunansu. Minti ashirin da biyar muke yi a ƙasa mu juyo, ko matakala ba a barina in sauka. Ina hango hanyar gida ta ƙofa.

Wata shida na farko gwaji ne. Takardar gargaɗi uku, an sallame ka. Shugabar tawagarmu Dorota ce, 'yar Poland, shekararta tara a sama, ba ta dariya sai fasinja na kallo.

Akwai abin da nake so in gaya miki, ki yi mini dariya in huta. Kafin a rufe ƙofa sai an ƙirga fasinjoji. Ni ce ƙarama, ni ke bin layi da ɗan ƙarfen ƙirga a hannu, ƙas, ƙas, kai ɗaya dannawa ɗaya. Dole abin da na samu ya yi daidai da na takarda, in ba haka ba jirgi ba ya tashi. Ranar Talata takarda ta ce ɗari da saba'in da shida. Na samu da bakwai. Na sake, da bakwai. Dorota ta fizge ƙarfen ta bi da kanta, ta dawo ta ce, "Da shida. A ƙauyenku ba a koya muku ƙirga kaji ba?" Mun makara minti takwas, na samu takardata ta farko.

Da muka hau sama, rana tarwai, ina tura keken kaya, fitilar kira ta kama a layi na talatin da ɗaya, can baya. Wata mata ce a jikin taga, da kallabi ruwan ƙasa, ta juya tana kallon waje. Hasken ya yi yawa, ban ga fuskarta ba. Ta ce, "Ruwa, 'yar nan." Na ce yuro uku, kamar yadda aka koya mini, har da murmushi. Ta buɗe tafin hannunta a kan cinya, babu komai. Na ce ta yi haƙuri, na wuce. Da na dawo kwasar shara kujerar ba kowa, bel ɗin a ɗaure. Na tambayi mutumin da ke gefe ko ta shiga banɗaki. Ya ce, "Wace? Ai ni na yi sa'a yau, tun Torino nake miƙe ƙafa."

Gajiya ce, ko? Ki rubuto ki zage ni.

Anisia

Torino, 14 ga Yuni

Kaka Gherghina,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Mako biyar ke nan ina buɗe akwatin wasiƙa. Na yi ta juya abin a raina, na gane fushi kike yi. Kin karanta cewa na hana tsohuwa ruwa a kan yuro uku, kin ce ashe Veta ta yi gaskiya. In haka ne ba ki yi laifi ba, amma ki faɗa mini da bakinki, shirun ya fi zagi ciwo.

Ba ni da lafiya sosai. Ƙishirwa nake ji wadda ba ta mutuwa. Ina shan lita huɗu a yini, cikina ya cika har yana ƙugi, harshena kuma kamar tsumma. Likitan kamfani ya auna jinina ya ce ba sukari, ba komai.

Matar tana nan. Ba a jirgin Landan, ba a na Madrid, sai na Craiova, zuwa da dawowa. Kullum ɗaya ce ta yi yawa. Na sake faɗa sau ɗaya, na samu takarda ta biyu. Yanzu in na ƙirga sai in cire ɗaya in faɗi abin da ke takarda. Ƙarya nake yi wa matuƙi sau shida a mako, a kan abin da aka rantsar da mu kada mu yi wasa da shi.

Na gwada dabara. Na saya mata roba ɗaya da kuɗina, na ajiye a gabanta. Ba ta taɓa ba. Ta ce, "Ruwa, 'yar nan," kamar ban kawo komai ba. Da muka sauka na tarar da robar a rufe, da ɗumi kamar an riƙe ta a hannu. Dorota ta gan ni da ita, ta ce, "Kujera kike wa hidima yanzu?" Amma ba ta rubuta ni ba, ta daɗe tana kallon layin nan.

Kaka, ranar Asabar na sunkuya na kalli hannuwanta. Fatar ta tsattsage da ruwan wanki. Zoben aure ya nutse a cikin yatsa yadda ba zai fita ba sai an yanka. Akwai tabon ƙuna a babban yatsan hagu, na tukunyar tuwon masara, ina da shekara shida aka yi shi a gabana. Kuma wurin ƙamshin ɗoɗɗoya yake yi, irin wadda muka sa mata a akwati.

Ban iya ɗaga kai na kalli fuskar ba. Tsoro nake ji, tsoron uwata, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ina tsayawa a ƙofa ina sallamar kowa ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa ganin ta sauka ba. Ko a Craiova.

Kin ce an gama ruwan. To me take nema a wurina?

Anisia

Slatina, 23 ga Yuni

Anisia, 'yata,

Ina gaishe ki. Ba fushi ba ne. Ina Slatina gidan ɗana Sandu tun farkon Mayu, an yi mini aiki a ƙugu, an sa ƙarfe. Wasiƙunki biyu suna can ƙarƙashin ƙofata a Dobridor, sai jiya Veta ta aiko da su tare. Na karanta ta farko na ce a ba ni ruwa. Na karanta ta biyu na kasa sha.

Ki zauna ki karanta wannan. Ban ce miki an gama ruwa ba. Na ce sanda ta cika, na bar ki ki fahimci abin da nake so ki fahimta. Safiya ashirin na ɗebo. Ta ashirin da ɗaya ƙanƙara ta kwashe ni a bakin rijiya, na rarrafa na shiga gida, ba wanda ya gani. Kwana tara ban iya ɗaga ko buta ba. Da na kira Veta da ta ɗebo, mai baki ce amma ba muguwa ba ce. Girman kai ya hana ni, bayan abin da na faɗa mata a gaban mutane. Kuma na san in kika ji za ki tattaro ki dawo, wahalar Tudora ta tashi a banza. Sai na riƙa jawo sandar ina kwance, kowace safiya in yi tsaga. Tara. Na ce a raina ai Allah ya ga niyya.

A rafi da Fada ya tambaye ni ko ruwa ya cika, na ce ya cika, ina dogare da sanda, rana tana kallona. Allon kyandir sau uku yana dawowa gaɓa wajen ƙafata. A na uku kyandir ya mutu, na sa sandata na tura allon. Wannan ce gardamar da na rubuta miki kamar abin dariya.

Kada ki ƙara saya mata na roba. Mamaci ba ya sha da bakinsa, da maƙogwaron masu rai yake sha, kuma ruwan da aka yi wa kuɗi ba ya isa can. Sai na rijiyar gida, a ɗebo da hannu, a kai ƙofar mutane, su faɗi kalmar. Safiya tara a jere. Ni likita ya ce ba zan ƙara ɗaukar bokiti ba. Na ce Veta ta yi, ta aiko cewa ta yarda, amma tsofaffi sun ce ruwan da aka yi wa ƙarya sai jini ya gyara shi. Jininta kuwa ke kaɗai ce.

Ban ce ki zo ba. Na san takardunki biyu, na san abin da kwana tara zai ci miki. Ni na ɓata, ke za ki biya, wannan shi ne abin da zan je da shi gaban Allah. Ki yafe mini in za ki iya. Kada ki ji tsoronta, uwarki ce. Ba ta taɓa shiga gida ba sai ta sha ruwa, shi ya sa ta kasa sauka.

Gherghina

Dobridor, 12 ga Yuli

Kaka,

Ina gaisuwa. Ya ƙugun? Ki bi maganar likita, ki daina yi wa matar Sandu faɗa a kan gishiri. Kajin Mama suna nan, ja ɗin ta koma ƙwai. Kin ga inda nake rubutowa, don haka kin san rabin labarin.

Na yi fushi da ke kwana biyu cur. Na uku na tuna ke kika rarrafa a kan ƙanƙara, ni ina can ina koyon sayar da turare. Maganar yafiya ta wuce, kada ki sake tayar da ita.

Na nemi hutun kwana tara. Matar ofis ta ce a tsakiyar bazara, ina cikin gwaji? Ta tambayi dalili, na ce ruwa zan ɗebo wa mahaifiyata. Ta ce ba ta da lafiya ne? Na ce ta rasu. Ta dube ni, ta ce in na tafi kada in dawo. Na je gida na goge kayan aikin, na ninke, na kai musu har da hular. Ina son aikin nan, Kaka. Ina son lokacin da jirgi ke huda gajimare rana ta cika ko'ina. Na yi kuka a tashar bas ba kaɗan ba.

Na sayi tikiti kamar kowa, na biya kuɗin zaɓen kujera, layi na talatin da ɗaya, ta tsakiya. Wata sabuwar yarinya ce ta bi layi da ƙarfen ƙirga. Na ga ta tsaya a kanmu, ta kalli ƙarfen, ta koma ta sake farawa. Dorota ta karɓe daga hannunta, ta ce, "Daidai ne, rufe ƙofa."

Awa biyu ban juya hagu ba. Kafaɗata ta wannan gefen ta yi sanyi har ta mutu. Ba ta nemi ruwa ba ko sau ɗaya. Da muka sauka na bari kowa ya fita, na miƙe, na ce, "Mama, tashi mu je gida." Na ji bel ya buɗe.

Dorota tana ƙofa. Ta ce mini, "Sai wata rana, 'yar ƙauye." Sannan ta kalli bayan kafaɗata, ta gyara tsayuwa, ta ce, "A sauka lafiya, Mama." Ban waiwaya ba. Matakalar ƙarfe ce, kin san yadda take ƙara. Ƙafa huɗu na ji.

Washegari na fara. Ƙofar Veta na fara zuwa, da gangan. Ta fito da shirin magana, ta ga bokitan, ta ga leɓena, sai ta rufe baki da gefen kallabi. Na ce don ran Tudora. Ta ce bogdaproste, Allah ya kai mata, ta sha kofi biyu a tsaye tana hawaye. Kowace safiya bayan nan tana bina a baya, ba ta taɓa bokiti, rakiya kawai. Sabuwar sanda na yanko, ita ke riƙe wuƙar, ba ta yin tsaga sai ta ga an shanye.

Jiya ta tara ta cika. Muka je rafi da Fada. Ya tambaya ko ruwa ya cika, na ce ya cika, Veta ta ce ita shaida ce. Na ɗora kyandir, na saki allon. Bai ko juya ba, Kaka. Ya bi tsakiyar ruwa yana ci, har ya sha kwana wajen itatuwan nan, muka daina ganinsa.

Ban san abin da zan yi nan gaba ba. Veta ta ce ana neman mai jinya a wani gida a Torino, na ce ta bari tukuna, kada Mama ta ji. Ranar Lahadi zan zo Slatina in kawo miki ƙwai.

Da muka dawo daga rafi na tsaya a rijiya kafin in shiga gida. Na ja guga, na cika kofin nan na ƙarfe da ke rataye. Rabi na sha, Kaka. Ya ishe ni.

Taki,
Anisia